Wa Zai Ƙara Cewa Dije?

Bari in faɗa tun da wuri kada wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Tsohuwata, wato matata, ta ce in ban sa wannan a farko ba, za ta bi gida gida a Jega ta sa mini da bakinta. To, na sa. Sauran maganar kuma ta wadda ta rasu ce, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Taubashiyata ce. Mahaifinta da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, a Kuberi ta ƙasar Maiyama, saboda haka tun ban san hannun damana ba aka ba ni izinin tsokanarta, ita ma aka ba ta nawa. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta goye ni ma, kuma ba ta taɓa bari na manta da abin da na yi mata a baya ba. Tana cewa ni bawanta ne, ina cewa ita kuyangata ce, har ta koma ga Allah ba a yanke wannan shari'a ba.

A Danwarai ta rasu, gidan aurenta, da hantsi. Kafin azahar mun kai ta mun dawo. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ni kuma na zaɓi bakin zaure, inda mata ke bi su shiga ciki, don kowa ya san tsoho ba ya son abin da zai wuce shi.

Ban taɓa ganin mata sun cika gari haka ba. Daga Sabiyal suka zo a ƙasa, daga Aliero a kan babura, wasu daga Jega da Maiyama a bayan motar albasa, suna sauka suna kakkaɓe ɓawo daga mayafi. Matan Fulani suka zo da ƙoren nono a ka, suka ajiye a tsakar gida ba wanda ya tambaye su. Ina jin muryoyinsu ta kan katanga. Wannan ta ce, "Inna ta tahi ta bar mu." Waccan ta ce, "Gwaggo, ashe ganin ƙarshe na." Wata tsohuwa kuwa ta wuce kai tsaye inda babbar tukunyar ruwan zafi take a kife, ta dafa ta, ta daɗe a tsaye.

Wani dattijon Bafillace ya zauna kusa da ni, sandarsa a kan cinya. Ya ce shekarun baya suna wucewa da shanu naƙuda ta kama matarsa a bayan garin nan, ba su san kowa ba, wannan matar ta fito da tukunya da itace ta zauna da su har aka yi suna. Ya ce ɗiyar da aka haifa ran nan yanzu tana da jikoki, kuma sunan marigayiya gare ta.

Na ce, "Wane suna ke nan?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi yawan shanunsa. Ya ce, "Ai ka sani."

Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, yana ta cewa "wannan baiwar Allah", "wannan baiwar Allah". Na ce a raina, malam, bayin Allah fa da yawa, kada ladan ya ɓata hanya. Har aka yi sadakar uku ina baza kunne. Na ji Inna, na ji Gwaggo, na ji Hajiya Babba, na ji Uwar Masu Jego. Sunan da uwarta ta kira ta da shi kuwa, ko sau ɗaya bai faɗo daga bakin kowa ba.

Hadizatu aka raɗa mata, Dije ake kiranta. Ga shi na rubuta, tunda alƙalami ba ya jin kunya.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce raini ne ko mantuwa. Girmamawa ce. Ɗa ba ya kiran sunan uwarsa, suruka ba ta kiran na uwar mijinta. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya yi zaman aure da ita har furfura bai taɓa furta shi ba; in yana nemanta sai ya yi gyaran murya ya ce, "Wai ba kowa gidanga?" Iyayen da ke kiranta sun tafi, ƙawayen da suka yi gaɗa tare a Kuberi sun bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka wayi gari duk faɗin ƙasar nan mutum guda ya rage da ke da ikon tsayawa a ƙofar gidanta ya ce Dije, kuma wannan mutumin ni ne. Na riƙe muƙamin da gaskiya. Tun daga bakin titi nake farawa, don maƙwabta su shaida.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, babu sunan da ya kai nata yawa a wannan yanki. Dalili kuwa tukunyar nan ce. Ita ba ungozoma ba ce, ba ta yanke cibi. Aikinta na bayan haihuwa ne: wankan jego. In rani ya yi, aka shiga aikin albasa, baƙi kan cika fadama, wasu da matansu da ciki, uwa tana can nesa. Ranar da ta ji an haihu a wata bukka, sai ka gan ta da tukunya a ka, ganyen darbejiya a hammata, tana tafe tana faɗa da duk wanda ya sha gabanta. Ta dafa ruwa, ta yi wa mai jego wanka safe da yamma, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kanta sai ta shanye. In mijin ya fara kame-kamen godiya sai ta ce, "Kai, tashi ka samo itace, godiya ba ta tafasa ruwa." Abin da ta fi faɗi shi ne, "In dai ina garin, mace ba ta haihuwa ta kwana da sanyi."

To namiji ya rasa abin da zai yi mata. Ba ta karɓar zane, ba ta karɓar hatsi. Sai ranar suna ya matsa kusa da malam ya ce a sa Hadizatu. Haka sunan ya bazu, daga bukkokin fadama zuwa rugage, daga nan ya shiga gari. Amma duk yarinyar da aka sa wa, uwarta ba ta iya kiranta da shi, don yaya za ki buɗe baki ki kira sunan matar da ta wanke ki? Sai a ce Inna, a ce Mama, a ce Ummi. Yawan masu sunan ya zama yawan masu ɓoye shi.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Aji uku na yi aka cire ni aka kai ni gyaran keke. Amma a kan wannan suna na yi bincike mai zurfi a bakin rumfata, kuma ba na jin akwai wani malamin jami'a da zai ja da ni.

A zamaninmu Dije ake cewa, a buɗe baki a sake shi ya tafi har bakin rijiya. Fulani su ja shi su ce Diija, kamar suna kiran saniyar da suke so. Da makarantar boko ta zo, malamai suka ce Dije ba ta shiga rajista, aka koma Hadiza. Hadiza ta yi zamaninta, ta sa farin hijabi, ta zama malamar asibiti. Sai Islamiyya ta yi ƙarfi, yara suka dawo gida suka ce duk mun ɓata sunan, Khadija ne, daga can cikin maƙogwaro. Bayan nan aka shiga wasu shekaru da sunan ya yi sanyi gaba ɗaya. Kowa Hanan, kowa Nusaiba, kowa Ihsan. Dije kuwa ta zama abin da 'yan mata ke kiran ƙawarsu in ta ɗaura ɗankwali a karkace. Yanzu kuma ga shi ya dawo ta cikin waya, an datse shi an ce Dija, ana rubuta shi da wasu haruffan da ko jikana sai ya ƙura ido.

Duk wannan a gabanta aka yi, kuma ban taɓa ganin ya dame ta ba. Wata rana ina gidan, wata 'yar takwararta ta dawo daga Islamiyya da allo a hannu, ta ce, "Inna, malam ya ce sunanmu ba Hadiza ba ne." Ta faɗi na daidai ɗin, da ƙarfinta. Tsohuwa ta ce ta sake. Ta sake. Sai ta gyara zama ta gwada da kanta, tari ya sarƙe ta, sai da aka kawo ruwa. Da ta sami numfashi ta ce, "Wanga suna sai mai lahiya. Ki riƙe mana shi, ɗiyata, ke da ke da maƙoshi sabo." Yarinyar ta fita tana tsalle, an ba ta ajiya.

Na ce, "Kin yarda ke nan an canza miki suna kina zaune?"

Ta ce, "Bawa, ko ƙaƙa anka hwaɗe shi ina waigawa. Kai dai riƙe naka."

Faɗa na gaske sau ɗaya muka yi, kuma a kan sunan ne. Da tsohuwata ta haifi ɗiyarmu ta biyu, ita ce ta zo Jega ta yi mata wanka. Ranar suna na ce a sa Hadizatu. Kowa ya ce na kyauta, na san girman zumunci. Ba su san shirin da ke cikina ba. Yarinya na fara tafiya, duk ranar da taubashiyata ta zo gidan sai in zauna a tsakar gida in ɗaga murya: "Dije, kawo mani takalmina." "Dije, wa ya hana ki share hanci?" "Dije, yau sai na zane ki." Tsohuwata ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki. Ita kuwa babbar ta yi kamar ba ta ji ba, tana ta tsinkar zogale.

Ranar da aka yaye yarinyar sai ga ta da sassafe, da zanen goyo a kafaɗa. Ta ce ta zo ɗaukar takwararta. Al'ada ce, ba mai hana takwara riƙon takwararta, balle wadda ta yi wankan jego. Na ce ai wasa nake yi. Ta ce ita ma wasa take yi. Ta saɓa yarinya ta hau mota zuwa Danwarai, kuma ba ta dawo da ita ba sai da za a kai ta ɗakin miji. Na yi fushi na daina zuwa gidanta har damina ta wuce. Da na gaji na je, na tarar ɗiyata ta yi ɓulɓul, tana bin ta da ƙaramar tukunya a ka, ana kiranta Takwara. Har yau Takwara ake ce mata, 'ya'yanta ma sun ɗauka sunanta ke nan. Na yi asarar ɗiya, na yi asarar wasa, kuma duk garin aka ce ni aka yi wa alheri.

Amma in ka ga yadda ɗiyar nan tawa ta tashi, ka san an yi mini alherin. Ita ce ta yi jinyarta har ƙarshe. Ita ce yanzu ake aikowa a kira in an haihu a fadama.

Ganina na ƙarshe da ita, ana saura kaɗan ta rasu, na same ta kwance, ta rame har ba ta cika tabarma ba. Takwara ta ce mini tun safe ba ta yi magana ba. Na tsaya a bakin ƙofa na rasa abin yi, sai na yi abin da na iya. Na ce, "Dije, tashi, lalaci ya isa haka."

Ta buɗe ido a hankali. Ta ce, "Ƙara hwaɗi."

Na ce, "Dije."

Ta yi murmushi ta ce, "Tun zuwanka na bara ban ji shi ba. Wani lokaci sai in zauna in ce, wai ni ta, ko wata ta can Kuberi da na taɓa sani?" Sannan ta ce, "Ka tsufa, bawa. Da daga bakin titi kake farawa."

Wannan maganar ce ta zauna mini a ƙirji a bakin zauren makoki, ina jin mata suna Inna, suna Gwaggo. Na ce ashe ranar da aka binne ta an binne Dije, ranar da aka binne ni kuma ba sauran wanda ya san yadda ake faɗinsa.

Sai Allah ya kawo abin da na ɗauka mafita ce. Washegarin rasuwar, matar ɗana, wanda ke koyarwa a Aliero, ta haifi mace. Ɗan nawa ya same ni a wurin zaman makoki ya durƙusa ya ce, "Baba, sunan Gwaggo za mu sa. Khadija. A gida kuma a riƙa ce mata Walida."

Na ce, "Walida ɗiyar wa?"

Ya ce, "Baba, ai ka san ba mai iya kiran sunan gatsau."

Nan na miƙe, a gaban mutane, na yi huɗubar da ban taɓa yin irinta ba. Na ce kun cika ƙasa da takwarorinta kun bar ta tana marmarin jin sunanta. Na ce kunyarku ta cinye suna ɗungurungum. Na ce wagga ɗiya Dije za a kira ta, ba Walida ba, ba Ummi ba, ba wanda ake tari kafin a faɗa ba. Dije, yadda uwar marigayiya ta faɗa a Kuberi, a kira ta da shi a tsakar gida da bakin rijiya har ta tsufa. Na ce in ba haka ba, ba ni zuwa sunan, kuma ko ƙashin ragon kada a kawo mini.

Ɗana ya ce, "Baba, sunan ɗaya na, hwaɗin ne ya bambanta."

Na ce, "In ɗaya na, hwaɗi nawa mu ji."

Ya buɗe baki, ya dubi ƙofar gidan da gwaggonsa ta fita ba dawowa, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ka gani." Na zauna ina huci, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Tsohuwata ta aiko a ce mini in ji tsoron Allah in bar yaro ya ji da haihuwa da rashi. Na ce a gaya mata maganar ta fi ƙarfin mata. Daga ƙarshe ɗana ya zo ya ce ya yarda: a raɗa Hadizatu kamar yadda aka raɗa wa mai sunan, ni in fara kiranta Dije a gaban kowa, wanda ya iya ya bi bayana. Na ce haka ake so. Har aski na yi saboda ranar.

Ranar suna muka taru a Aliero da safe. Malam ya yi addu'a, aka raba goro da dabino, aka yanka rago, wanzami ya yi aikinsa. Sai aka ce kaka ya shigo ya ga jika. Na shiga tsakar gida na tarar mata sun yi cirko-cirko, har da waɗanda suka zo daga Danwarai ba su ko cire kayan makoki ba. Labarin huɗubata ya riga ni isowa. A gefe ga tukunyar nan ta marigayiya a kan murhu tana tururi. Takwara ce ta ɗauko ta, ita ke yi wa matar ƙanenta wanka.

Aka ba ni kujera. Takwara ta fito daga ɗaki da jaririya a cikin zane, ta durƙusa ta ɗora mini ita a hannu. 

Na dube ta. 'Yar mitsitsiya, kai a aske, tana ƙamshin hayaƙi da darbejiya, ƙamshin da duk inda na ji shi tun ina yaro na san wa ke kusa. Ta yamutsa fuska ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, irin kallon da ake yi wa bawa in ya makara.

Na gyara murya. Sunan da na yi shekaru ina jefawa daga bakin titi, sunan da ban taɓa faɗinsa ba sai an amsa mini da zagi, ya taso ya zo nan wuyana ya tsaya. Na sake gyara murya. Na san in na faɗa, ba mai cewa "Bawa, ka iso?" Na ji gemuna ya jiƙe ban san lokacin da abin ya fara ba. Mata suna jira, ɗana yana bakin ƙofa yana jira.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu da zuwa, baiwar Allah."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Allah ya jiƙan taubashiyata, ya haskaka makwancinta, ya sa ruwan zafin da ta dafa wa 'ya'yan mutane ya zame mata sanyi a can. Yarinya dai tana nan tana girma, ana ce mata Walida, ni ma haka nake ce mata. Na kan gwada ɗayan in ina ni kaɗai a rumfa, ya kan fito wani lokaci.

Amma ran nan, Takwara ce ta miƙo hannu ta karɓi jaririyar. Ta gyara mata zane, ta goge idonta da gefen mayafi, sannan ta dube ni da irin muryar wadda ta rene ta, ta yi mini tambayar da har yau ban samo amsarta ba.

"Baba, mu dai kunya ta hana mu. Kai mi ya hana ka?"